Daga Teburin Falona Zuwa Ƙofar Jami'a

Ranar wata Asabar cikin watan Satumba na 2022, maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, 'yarta ta fari tana biye da ita. Gini ɗaya muke zaune a Bronx, cikin birnin Niyu Yok, su a hawa na huɗu ni a na biyu, kuma shekara bakwai ke nan ina kiran ta Yaya. Da muka gama gaisawa sai ta turo yarinyar gabana ta ce, "Ga 'yarki nan. An ce bana za ta nemi jami'a. Ni ban san gaba ba ban san baya ba, mahaifinta kuma kin san ba ya zama. Ke da kika yi karatun nan, ki duba mana."

Yarinyar tana ajin ƙarshe na sakandare. A hannunta akwai 'yar takarda mai sunayen makarantu uku. Na tambaye ta yadda aka yi ta zaɓe su. Ta farko, ƙawarta ce ta ce can za ta. Ta biyu, tallarta ta gani a cikin jirgin ƙasa. Ta uku kuwa ita ce ke aiko mata da wasiƙu masu ƙyalli kusan kowane mako, har ta ɗauka sun riga sun zaɓe ta.

Jikina ya yi sanyi, don na san irin wannan takardar. Ni ma ni ce ta farko a gidanmu da ta taka jami'a, kuma talla ce ta kai ni makarantar da na shiga. Na sa hannu a takardun bashi ban san abin da ke ciki ba, saboda babu wanda zan tambaya, kuma ina jin nauyin in nuna ban gane ba. Shekara goma sha ɗaya na yi ina biya. Shi ya sa a ranar ban ce wa Yaya zan gwada ba. Na ce mata kowace Asabar bayan la'asar ta turo mini yarinyar, har sai ranar da ta zauna a aji.

A Amurka akwai suna na musamman ga irin waɗannan yara. A dokar tarayya, ɗalibin da babu ɗaya daga cikin iyayensa da ya kammala digirin shekara huɗu ana lissafa shi a matsayin na farko a gidansu, kuma tun shekarun 1960 gwamnati ke da shirye-shirye dominsu, irin su Upward Bound da Talent Search. Abin da na gani da idona shi ne, ba basira ce ke yi musu ƙaranci ba, kuma ba iyayensu ne ba sa so ba. Abin da babu shi ne mutum a cikin gida wanda ya san wace takarda ake cikewa a wane wata, da kuma abin da kalmomin cikinta suke nufi. Yaron da uwarsa ta yi jami'a yana tsintar wannan a hira, ba tare da ya san ana koya masa komai ba. Akwai malama mai ba da shawara a makarantar yarinyar, mace mai kirki da ƙoƙari, amma ɗalibai ɗaruruwa ne a wuyanta. Ƙungiyar masu wannan aiki a Amurka tana ganin ya kamata a ce mutum ɗaya ga ɗalibi 250, makarantu da yawa kuwa sun wuce haka nesa ba kusa ba.

Asabar ta farko ba mu taɓa fom ko ɗaya ba. Na ciro kalanda na manna a bango. 1 ga Oktoba za a buɗe FAFSA, wato fom ɗin neman tallafin gwamnatin tarayya. Nuwamba akwai wa'adin masu nema da wuri. Farkon Janairu ne wa'adin mafi yawan makarantun da ba na gwamnati ba. Maris da Afrilu amsoshi ke zuwa. 1 ga Mayu ɗalibi ke faɗin inda za shi. Ta daɗe tana kallon bangon, sannan ta ce, "Anti, ni na ɗauka sai na gama sakandare ake fara nema." Wannan kuskuren kaɗai ya isa ya ci wa yaro shekara guda.

Sai muka shiga zaɓen makarantu, wanda ya ci mana Asabar huɗu. Akwai shafin ma'aikatar ilimi mai suna College Scorecard, inda za ka rubuta sunan makaranta ya nuna maka kashi nawa na ɗalibanta ke kammalawa, bashin da suke fita da shi, da abin da suke samu bayan sun fara aiki. Muka sa makarantar nan mai wasiƙu masu ƙyalli. Waɗanda ke kammalawa ba su kai rabi ba. Ban ce komai ba, na bar ta ta karanta da kanta. Sannan na nuna mata abu na biyu: tun 2011 doka ta wajabta wa kowace makaranta mai karɓar tallafin tarayya ta sa wani ma'aunin lissafi a shafinta, inda iyali za su shigar da abin da suke samu a ƙiyasta musu abin da za su biya da gaske. A nan ne ta ga abin da ya ɗaure mata kai. Wata makaranta mai zaman kanta da kuɗinta a rubuce ya haura dala 70,000 a shekara, da aka yi lissafi da kuɗin shigar gidansu, sai ta fito ƙasa da wadda ke talla a jirgin ƙasa. Dalili kuwa, makarantun da ke da dukiya mai yawa suna iya ɗauke wa ɗan talaka kusan komai, marasa ƙarfi kuma kuɗin ɗalibi suke jira.

Wannan ba sabon abu ba ne ga masana. A 2012 wasu masana tattalin arziki biyu, Caroline Hoxby ta jami'ar Stanford da Christopher Avery na Harvard, sun nuna cewa mafi yawan yara masu ƙoƙari 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ba sa ma neman manyan makarantu, alhali da sun nema da an ɗauke su, kuma da sun biya ƙasa da abin da suke biya a inda suka shiga. Tun da na san wannan ya zauna mini a rai, har nake ganin duk yaron da bai nemi makaranta mai nisa mai suna ba an cuce shi. Zan dawo kan wannan, don a ƙarshe yarinyar ta gyara mini tunani.

Muka tsaya a kan makarantu goma sha ɗaya. Biyar na CUNY, jami'ar birnin, wadda fom ɗaya ke ba ka damar zaɓar har shida daga cikin kwalejojinta. Biyu na SUNY, jami'ar jiha mai rassa 64. Huɗu masu zaman kansu, ta hanyar Common App, wato fom ɗaya na neman shiga da makarantu da yawa ke karɓa. Makarantar wasiƙu masu ƙyalli ta roƙe ni mu bar ta a ciki, na bar ta, don na fi so ta ga ƙarshen lissafin da idonta. Kuɗin fom kuwa ko sisi ba mu biya ba. Malamar makarantarsu ta tabbatar da halin gidansu aka yafe. Iyaye da yawa ba su san ana yafewa ba, sai su ce wa yaro ya nemi biyu kawai saboda tsada.

Abu ɗaya da na tsaya a kansa tsayin daka shi ne ɗan akwatin da ake cankawa a fom na shirye-shiryen tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi. Jihar Niyu Yok tana da irinsu, ga uku daga ciki: SEEK a manyan kwalejojin CUNY, wanda Shirley Chisholm na cikin 'yan majalisar jiha da suka tsaya masa a shekarun 1960, da EOP a SUNY, da HEOP a makarantu masu zaman kansu. Suna ba da ƙarin kuɗi, da malamin da zai bi ɗalibi har ya gama, da karatun share fage lokacin zafi. Amma lokacin neman shiga ake nemansu. Wanda ya tsallake akwatin nan ya shiga makaranta, ƙofar ta rufe masa ke nan. Na kuma hana ta irin neman nan da ake yi da wuri a Nuwamba da ke ɗaure ɗalibi, wanda in an ɗauke ka dole ka je. Ɗan mai kuɗi zai iya wannan. Mu sai mun jera tayin kowa a gabanmu mun gwada.

Rubutun da Common App ke nema ɗalibi ya yi a kan kansa bai wuce kalma 650 ba. Na farkon da ta kawo mini, duk yaro zai iya sa sunansa a ƙasa: tana son taimakon al'umma, ilimi haske ne. Na ajiye shi na ce ta ba ni labarin ranar da ta fara raka Yaya asibiti. Ashe tun tana shekara tara take yi wa mahaifiyarta tafinta. Ta ce akwai ranar da likita ya yi bayani a kan ƙoda, ita kuma a lokacin ba ta san sunanta da Hausa ba, sai ta juya bayan rasit ta zana ta, ta nuna wa uwar inda take a jikinta. Na ce, "To wannan za ki rubuta." Ta ce ai wannan ba wani abu ba ne. Haka duk suke cewa. Renon ƙanne, karanta wa iyaye wasiƙun mai gida, tafinta a ofis, ba sa ganinsu a matsayin aiki, alhali fom ɗin kansa yana da gurbin hidimar iyali a jerin ayyukan ɗalibi. Sau biyar ta sake rubutun. Ban sa mata jimla ko ɗaya ba, tambaya kawai nake yi.

Inda muka sha wuya shi ne wajen kuɗi, kuma ba fom ɗin ne ya fi wuya ba. FAFSA na shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 yana neman bayanin harajin 2021 na iyaye. Mahaifinta direban tasi ne, yana fita kafin asuba. Sati uku yarinyar tana roƙon takardun, kullum sai ya ce gobe. Ta zo mini da hawaye ta ce Baba ba ya son ta yi karatu. Na ce mata kada ta ƙara faɗin haka, ta bar ni da shi.

Na hau sama ranar Lahadi da daddare, Yaya tana zaune. Bayan gaisuwa na ce, "Alhaji, na zo ne a kan takardun nan." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Hajiya, wa zai ga abin nan? Gwamnati ta riga ta karɓi harajinta, me kuma take nema? Sannan yarinya ƙarama, a baje mata abin da ubanta ke samu?" A nan na gane abu biyu ne suka haɗu masa: tsoron kada a buɗe masa wata fitina da hukuma, da kuma kunyar 'yarsa ta ga adadin. Mutum ne da ya rufa wa gidansa asiri shekara ashirin, bai taɓa bari yaransa su san ranar da babu ba. Na yi masa bayani dalla-dalla. Babu abin da za mu rubuta wanda hukumar haraji ba ta riga ta sani ba. Tallafin gwamnatin tarayya mai suna Pell kyauta ne ba bashi ba, kuma a shekarar yana iya kaiwa dala 7,395. Jiha ma tana da nata mai suna TAP, wanda iyakarsa dala 5,665. Duka biyun ba a samun su sai ta wannan hanya. Sannan na ce masa ni da shi za mu cike ɓangarensa, yarinyar ba sai ta zauna ba.

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wani ambulan ruwan ƙasa da aka ɗaure da roba. Ya ɗora a kan tebur, amma bai ɗauke tafin hannunsa daga kai ba sai da na buɗe kwamfuta. Kafin mu kai ga lambobi sai da muka yi awa guda a kan buɗe masa asusun sa hannu, domin ana buƙatar imel ɗinsa, shi kuma wani ne ya buɗe masa shekarun baya, kalmar sirrin ta ɓace. Muka buɗe sabo, na rubuta masa komai a bayan ambulan ɗin. Na kuma sa shi ya ɗauko katin soshal na yarinyar, wato katin lambar shaidarta ta gwamnati, sai ga shi sunanta na tsakiya a katin ya bambanta da na makaranta da harafi ɗaya. Da na katin muka yi amfani, don da shi ake gwadawa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Da muka gama, na juya masa allon ya karanta kowane layi kafin ya danna. Daga nan muka wuce kai tsaye zuwa fom ɗin TAP, wanda mutane da yawa ke mantawa saboda sun ɗauka FAFSA ya wadatar. Biyu daga cikin masu zaman kansu sun nemi ƙarin wani fom mai suna CSS Profile, wanda ya fi tono, shi ma muka yi shi a mako na gaba.

Tun daga daren nan na daina aika saƙo ta bakin yarinyar. Duk abin da ya shafi kuɗi ko nisa, sama nake hawa in faɗa wa iyayen da Hausa. Masu taimako da yawa suna yin kuskuren ɗaukar yaro su ruga da shi, su bar iyaye a baya kamar su ne cikas. Iyayen da ba a yi wa bayani ba, a watan Afrilu za su ce a'a, kuma suna da gaskiyarsu.

Disamba da Janairu suka wuce da turawa da jira. Amsoshi suka fara zuwa, takwas suka ɗauke ta, biyu suka ƙi, ɗaya ta sa ta a jerin jira. Gidan Yaya aka yi ta murna, ni ma na yi, amma na ce kada a yi wa kowa alkawari sai wasiƙun tallafi sun iso.

Ranar da suka cika, muka baje su a teburina mu huɗu. Na ba yarinyar biro uku. Kore na kyauta, abin da ba a biya. Ja na bashi. Baƙi na aikin da ɗalibi zai yi a makaranta a biya shi, wanda ba kuɗi ba ne a hannu, sai ka samu aikin ka yi shi. Babu wasiƙa biyu masu tsari ɗaya, kuma wasu suna jera bashi da kyauta a layi ɗaya su kira su duka tallafi. Muka fara da mai ƙyalli. A saman wasiƙar an rubuta da manyan haruffa cewa ta ci kyautar dala 24,000, a ƙasa kuma an nuna saura sifili. Alhaji ya ce, "Alhamdulillahi, ai wannan ta yi." Na ce a bari ta ja layukan tukuna. Jimlar kuɗin shekara da wurin kwana da abinci kusan dala 62,000. Da ta cire kore duka, har da Pell da TAP, sai ga sama da dala 25,000 a tsaye. Yadda suka mayar da shi sifili shi ne dala 5,500 bashin ɗaliba, wanda shi ne iyakar abin da gwamnati ke ranta wa ɗan shekarar farko da ke ƙarƙashin iyayensa, sauran kuma bashin da ake kira Parent PLUS, a wuyan uba, da ruwan da ya haura kashi 8 cikin ɗari a shekarar. Na ce ta ninka sau huɗu. Ta rubuta adadin, ya wuce dala 100,000. Yaya ta dafe ƙirji ta yi salati. Yarinyar da kanta ta ninke wasiƙar ta tura gefe.

Biyu suka rage a gaba. Ɗaya babbar kwalejin CUNY ce, tafiyar minti arba'in daga gida, kuɗin karatunta dala 6,930 a shekara ga ɗan jiha. Pell da TAP sun rufe shi har da ragowar da za ta sayi littattafai da katin jirgi. Ɗayar makaranta ce mai zaman kanta a arewacin jihar, tafiyar awa biyar, ta ɗauke ta a HEOP. Sun ɗauke karatu da kwana da abinci kusan duka, saura bashin dala 3,500 a shekara, irin wanda gwamnati ke biyan ruwansa muddin ɗalibi na makaranta da wata shida bayan ya fita. Mafi yawan ɗalibanta suna kammalawa a kan lokaci. Zuciyata gaba ɗaya tana can.

Alhaji ya ce shi bai taɓa cin bashin ruwa ba, ba ya son 'yarsa ta fara rayuwa da shi. Na ce masa hukuncin na malamai ne, nawa lissafi ne, kuma ga yadda wannan bashin yake. Sai kuma maganar nisa, wadda bai furta ba amma kowa ya san tana nan. Na ce, "Alhaji, gani ya kori ji. Mu je ka ga wurin." Ban zaci zai yarda ba. Ya ajiye aikin yini guda, ya ɗauke mu a motarsa. Muka ga ɗakunan kwanan mata, muka ga ɗakin da ɗalibai Musulmi ke salla, ya yi azahar a ciki. Ya yi wa jami'in shirin tambayoyi, yarinyar tana fassara inda ya maƙale: wa ke kula da su da daddare, in ta yi rashin lafiya wa zai kira shi. A hanyar dawowa, mun yi nisa babu mai magana, sai ya dubi madubi ya ce, "Na ga wurin. In nan kike so, na amince. Bashin ma in Allah ya hore mini zan biya shi kafin ruwa ya hau."

Na ɗauka magana ta ƙare. Bayan kwana uku ta sauko ita kaɗai ta ce, "Anti, ki yi haƙuri, CUNY zan je." Raina bai so ba, kuma na nuna mata. Na ce tsoro ne, ta ce ba tsoro ba ne. Ta ce tun da ta yi rubutun nan na asibiti ta tabbatar aikin jinya take so, makarantar can kuwa ba ta da wannan sashe, ta tambaya ranar da muka je. A watan Satumba ta ce mini tana tsakanin jinya da likitanci, ni kuma na riƙe likitancin na ci gaba da lissafina, ban sake tambayar ta ba. Ta ciro takarda ta nuna mini darussan share fage da ake buƙata, da makin da ake so kafin a shiga sashen jinya, domin shiga kwalejin daban, samun gurbi a sashen daban, kuma ana gasa sosai. Ta riga ta bincika komai. Yarinyar da ta zo mini da sunan makaranta daga tallar jirgin ƙasa ce yanzu take kare zaɓinta da lambobi. Har yau ina ganin da ta je can da ta ga wata duniya, kuma ina ci gaba da matsa wa yara su nemi irin waɗannan makarantu. Amma wadda ta ga ƙofa biyu a buɗe ta zaɓi ɗaya ba daidai take da wadda ba ta san akwai ta biyun ba. Kafin 1 ga Mayu ta danna amincewa.

A nan ne mutane ke watsewa, kuma a nan ne ake asarar yara. Masu bincike irin su Benjamin Castleman da Lindsay Page sun nuna cewa a wasu wurare tsakanin kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da suka gama sakandare da niyyar shiga jami'a, ba sa bayyana ranar da aka buɗe aji. Sakandare ta sallame su, jami'a ba ta san fuskarsu ba tukuna, wata uku babu mai kula. Mu ma saura ƙiris ta ritsa da mu. A tsakiyar Yuli na tambaye ta ko ta duba sabon imel ɗin da kwalejin ta buɗe mata. Ta ce ba ta san akwai shi ba, tsohon take dubawa. Muka shiga muka tarar da saƙonni sun taru. An zaɓi fom ɗinta na tallafi don tantancewa, wato sai an kawo shaidar haraji da ta yawan mutanen gida kafin a saki kuɗi. An kuma dakatar da rajistarta saboda babu takardar rigakafi, domin dokar jiha ta wajabta shaidar allurar ƙyanda da hangum da rubela, da kuma amsa fom a kan sanƙarau. Katin rigakafin yana cikin wata jaka a saman kabad ɗin Yaya. Ambulan ɗin Alhaji ya sake saukowa. Sau biyu muka je ofishin tallafi da ƙafarmu. A karo na biyu na tsaya a bakin ƙofa na ce ta shiga ita kaɗai ta yi magana, don ba kullum zan kasance ba. Ta fito da takarda mai hatimi tana murmushi.

Ƙarshen Agusta 2023 ta shiga aji. Na ja mata kunne a kan abu biyu: kada ta ajiye wani darasi ba tare da ta tambayi ofishin tallafi ba, don sauka ƙasa da adadin da ake lissafa cikakken ɗalibi yana taɓa kuɗinta, kuma ta riƙa zuwa wurin malamai a sa'o'in da suka ware don ɗalibai, ko da ba ta da wata babbar tambaya. Na kuma tuna mata cewa FAFSA kowace shekara ake sabunta shi.

A shekarar aka sauya fasalin fom ɗin, sai a ƙarshen Disamba aka buɗe shi, kuma a sabon tsarin bayanin haraji kai tsaye yake zuwa daga hukuma in uba ya ba da izini. Wata Lahadi a cikin Janairu, bayan isha'i, na ji sallama a ƙofata. Alhaji ne da 'yarsa, ambulan ɗin nan a hannunsa, babu wanda ya aika masa. Na ce, "Alhaji, ai bana ba sai an buɗe shi ba, amincewarka kawai ake so." Ya cire robar, ya zaro takardun, ya miƙa wa yarinyar. Ya ce, "A dai duba. Ke zauna ki cike, ni zan karanto miki."